'Yan Iskan Tsibirin Sal

Duk cikin abubuwan da Allah ya hore mana kyauta, babu wanda Bahaushe ya raina kamar iska. In yaro ya lalace, ɗan iska ne. In magana ba ta da kai ba ta da gindi, zancen iska ne. In kuɗi suka salwanta, sun bi iska. Ko hutawa mutum ya fita yi, sai a ce ya tafi shan iska, wato dai ba abin da yake tsinanawa. To, 'yan uwana ɗalibai, akwai wani tsibiri a nan Afirka ta Yamma inda matasa ke tashi da safe, kafin su nemi abin kari sai sun leƙa waje sun ga yadda iska ta kwana. In ta taso da ƙarfi, ranar nan akwai aiki. Su hau allo su shiga teku, yau su shiga, gobe su shiga, har shekaru su tafi. Da a unguwarmu suke, na san sunan da za a ba su. Ni kuwa ra'ayina shi ne, abin da suke yi sana'a ce ta gaske, kuma shi ne ya sa har yanzu suke da abin riƙewa a tsibirin da baƙi suka kusa saye.

Masu bin ƙwallo sun san Cape Verde. Su ne suka riƙe Super Eagles kunnen doki 1-1 a Legas a 2021, su ne kuma suka samu tikitin gasar cin kofin duniya ta 2026, karo na farko a tarihinsu. Ƙasa ce ta tsibirai goma a cikin tekun Atlantika, kimanin kilomita 570 daga gaɓar Senegal. Tana cikin ECOWAS, ta samu 'yancin kai daga Fotugal a 1975, kuma mutanenta duka-duka wajen rabin miliyan ne. Ɗaya daga cikin tsibiran shi ne Sal, wato "gishiri" da harshen Fotugal. Tsawonsa kusan kilomita 30, faɗinsa 12, mazaunansa ba su kai 50,000 ba. Ƙaramar hukuma ɗaya a Kano ta ninka su.

Sal ba shi da kogi, ba shi da daji, ba shi da gonar kirki. Ruwan sama sai a yi watanni ba a ga ɗigo ba, ruwan sha ma daga teku ake tace shi a cire gishirin. Fari ya sha yi wa ƙasar ɓarna, a shekarun 1940 kawai yunwa ta kashe dubun-dubatar mutane. Da can gishirin Pedra de Lume, wanda ake haƙa a cikin ramin wani mataccen dutse mai aman wuta, shi ne abincin mutanen tsibirin. Da kasuwar gishiri ta mutu, abin da ya rage musu uku ne: rana, rairayi da iska.

Iskar kuwa 'yar gidanmu ce. Daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu ko Mayu tana busowa daga arewa maso gabas kusan kullum, lokacin da mu ma muke fama da hunturu. Asalinsu ɗaya. Ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi ta rufe sararin Kano da Damagaram, ta fasa mana leɓe da kaushi, irinta ce ke wucewa ta Sahara ta isa Cape Verde. Su ma hazo yakan hana jirage sauka a wasu ranakun Disamba da Janairu. Bambancin kawai, mu lokacin ne muke ƙudundunewa cikin bargo mu ƙi zuwa lakcar ƙarfe takwas, su kuma lokacin ne kakarsu.

Wasan da nake magana Turawa na ce masa windsurfing, ni zan kira shi tuƙin allo da iska. Allo ne mara nauyi, tsawonsa ya ɗan wuce mita biyu, a kansa an kafa sanda doguwa ɗauke da ƙyalle mai tauri kamar fiffiken tsuntsu. Mutum yana tsaye, ya riƙe mariƙin da ya kewaye fiffiken da hannu biyu. Babu inji, babu sitiyari, babu birki. Sirrin yana gindin sandar, inda aka sa mahaɗi mai juyawa kowane ɓangare kamar gaɓar kafaɗa. In ka karkata fiffiken gaba, hancin allon ya bi iska, in ka ja shi baya, hancin ya juyo ya fuskance ta. Wasu Amurkawa biyu, Jim Drake da Hoyle Schweitzer, su suka nemi rajistar wannan ƙira a 1968. Drake injiniyan jiragen sama ne, shi ya sa abin ya fi kama da fiffike a kan tanti. Zuwa 1984 wasan ya shiga gasar Olamfik a Los Angeles, na mata kuma ya biyo baya a 1992.

Mu 'yan sashen injiniya, ga abin da ya kamata ya tsaya mana a rai. Duk abin da muke haddacewa a kwas ɗin motsin ruwa da iska don mu tsallake jarrabawa, yaron Sal a hannunsa yake jin sa. An koya mana cewa ƙarfin da iska ke yi wa abu yana tafiya da murabba'in gudunta, wato in gudun ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka huɗu. Shi wannan lissafi ne yake yi kowace safiya kafin ya ɗaura fiffike. Ranar da iska ke lallaɓawa, ya ɗauko mai faɗin murabba'in mita bakwai. Ranar da ta haukace, ya koma mai huɗu. In ya yi kuskure, teku ce za ta yi masa makin, kuma ba ta san alfarma ba. Idan iska ta kai wajen kilomita 25 a awa, allon yakan daina keta ruwa ya ɗago sama yana sululu a kai, jan ruwa ya ragu, gudu ya ƙaru. Kuma da yake fiffike ne, yana tsotsar allon gaba kamar yadda fiffiken jirgi ke ɗaga shi sama, ƙwararre yakan fi iskar kanta gudu. A 2015, a Luderitz ta ƙasar Namibiya, wani Bafaranshe Antoine Albeau ya yi gudun sama da kilomita 98 a awa a kan allo. Ku tuna, ba ɗigon fetur. Ba kuma za ka iya nufar iska kai tsaye ba, sai dai ka riƙa yanka ta a karkace, dama da hagu, har ka isa inda za ka.

Yanzu ga tambayar da ta fi muhimmanci. Iskar nan ta daɗe tana busawa a Sal tun kafin a haifi kakannin kowa. Me ya sa sai a 'yan shekarun nan ta fara haifar da zakaru?

Amsa ta farko ita ce yau da gobe. Baƙon da ya zo hutu daga Jamus ko Ingila kwana bakwai yake yi, ya faɗa ruwa sau ɗari, ya ɗauki hoto, ya koma. Mazaunin tsibiri kuwa yana da wata shida na iska a kowace shekara, a ƙofar gida. Ya tashi daga aikin otal ko kamun kifi, ya shiga ruwa awa biyu kafin magariba, ya fito ya wanke kaya ya shanya. Tafin hannunsa ya yi kanta. Ya san wane lungu iska ke yankewa, ya san ranar da igiyar ruwa za ta taso daga arewa maso yamma ta karye a kan duwatsun Ponta Preta, ya san lokacin da bai kamata a shiga ba ko an biya shi. Wannan ilimi ba a sayar da shi a shago, ba a sauke shi daga intanet. Idan iskar ta kwanta daga Yuni zuwa Oktoba, lokacin da kunkurun teku ke fitowa yin ƙwai a rairayi, sai a koma gyaran kaya, ɗinkin fiffike da liƙe allunan da suka tsage. Shekara tana da tsari kamar ta manomi, akwai damina akwai rani.

Amsa ta biyu ita ce kayan aiki, kuma a nan ne maganar ta yi ɗaci. Iska kyauta ce, allo ba kyauta ba ne. Sabon allo da fiffike da sanda da mariƙi, in ka haɗa, sukan haura Yuro 2,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi bai kai Yuro 200 a wata ba. Don haka masu cewa wasan 'ya'yan masu kuɗi ne, ban ce ƙarya suke ba. Tauraron farko da ya ɗaga sunan Sal ma ba haifaffen can ba ne. Josh Angulo ɗan Hawayi ne, ya zo ya ga igiyar ruwan Ponta Preta ya zauna, ya buɗe cibiyar koyarwa a garin Santa Maria. Ya zama zakaran duniya a fannin hawan igiyar ruwa a 2003 da 2009, a karo na biyun yana ɗauke da lambar Cape Verde a fiffikensa. A 2007 aka kawo gasar duniya Ponta Preta, yaran garin suka tsaya a kan duwatsu suna kallon manyan duniya a ruwan da suke wanka kullum.

Amma yaran ba su tsaya a kallo ba. Sun fara da ɗaukar kaya da wanke alluna a cibiyoyin baƙi, ladan shi ne a ara musu tsohon allo in kasuwa ta lafa. Da ragowar kayan da baƙi suka bari suka koya. Mitu Monteiro, haifaffen Sal, ta nan ya biyo. Ya yi hawan igiyar ruwa, ya yi tuƙin allo da iska, sannan ya koma ƙanin wasan, wanda ake yi da wata babbar lema da ke tashi sama tana jan mutum da igiyoyi. A 2008 ya zama zakaran duniya a hawan igiyar ruwa da lema. Bayansa Airton Cozzolino da Matchu Lopes, su ma 'ya'yan tsibirin, suka ɗauki kambun duniya. Abin da ya fi burge ni game da Mitu shi ne bai tattara ya koma Turai ba. Ya buɗe makarantar koyarwa a gaɓar tsibirin, shi da abokinsa, inda 'yan gari ke koyarwa baƙi na biya.

Kada a ce sa'a ce ta wuri ɗaya. A can yankin Karibiyan akwai tsibirin Bonaire, kimanin kilomita 80 daga gaɓar Benezuwela, shi ma busasshe, shi ma ƙasar gishiri da iska. Yana da wani lungun teku da ake kira Lac, inda ruwa a wurare da yawa bai wuce ƙugu ba, ga iska daga gabas kusan duk shekara. Manya irin su Elvis Martinus suka riƙa ba yaran gari kaya suna koya musu. Daga nan 'yan uwan nan Taty da Tonky Frans suka fito, Kiri Thode kuma ya zama zakaran duniya a fannin salo da juyi a 2013. Maƙwabciyarsu Aruba ta fitar da Sarah-Quita Offringa, wadda ta ci kambunta na farko a 2008 tana 'yar shekara 17, yanzu kuwa tana da sama da 20. 'Yan uwa mata, ku riƙe wannan suna don ranar da wani zai ce muku ƙarfin hannu na maza ne kaɗai. Labarin dai ɗaya ne a ko'ina: iska, da wani babba da ya buɗe ƙofar sito, da yaro mai naci.

To, me ya sa na ce wannan shi ne abin riƙewarsu? Yawon buɗe ido yana kawo wajen kashi ɗaya cikin huɗu na arzikin Cape Verde, kuma a 2023 baƙin da suka shiga ƙasar sun haura miliyan ɗaya, ninki biyu na 'yan ƙasa. Mafi yawansu Sal suke sauka. Sai dai manyan otal-otal na kamfanonin Turai ne. Baƙo ya biya kuɗin jirgi da ɗaki da abinci tun daga gida, ya zo ya ci ya sha a cikin katanga, ya koma. Ɗan gari ya share ɗaki, ya wanke kwano. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wuri ɗaya da lamarin ke juyawa shi ne bakin ruwa. A can, mai kuɗin da ya taso daga Milan dole ya tsaya ya saurari saurayin Santa Maria, domin shi ya san ruwan. Kamfani na iya sayen fili ya gina ɗaki dubu, amma ba zai iya sayen shekara goma sha biyar da yaro ya yi yana shiga teku kullum ba. Wanda ya iya, shi ke yanka farashi.

Na san abin da za a ce, kuma gara in faɗa da kaina. Za a ce akwai haɗari. Akwai. Igiyar Ponta Preta a kan duwatsu take karyewa, iskar da ke busowa daga tudu kuma tana iya tura mutum tsakiyar teku in sandarsa ta karye. Amma wa ke shiga jirgin ceto ya ɗauko baƙon da ruwa ya ja? Wanda ya saba ne. Haɗari ya fi cin mai zuwa jefi-jefi a kan mai zuwa kullum. Za a ce sana'ar da ta dogara da baƙi ba ta da tabbas. Wannan ma gaskiya ne, domin a 2020 da korona ta tsayar da jirage, tattalin arzikin ƙasar ya faɗi da sama da kashi 14 cikin ɗari, masu koyarwa suka zauna ba ciniki. Sai dai mai share ɗaki ma zama ya yi, kuma da jirage suka dawo, wanda ke da ƙwarewa a jikinsa bai jira kowa ya ɗauke shi aiki ba. Za a kuma ce cikin yara ɗari, ɗaya ne zai zama zakara. Haka ne. Sauran casa'in da taran fa? Cikinsu akwai masu koyarwa, masu ɗinkin fiffike, masu gyaran allo da gam da zaren gilashi, masu tuƙa jirgin ceto, masu ɗaukar hoto, masu hayar kaya. Kusan duk sana'o'in hannu ne irin waɗanda aka kafa makaranta kamar tamu dominsu.

Ƙasar ma ba ta tsaya a wasa ba. Tun 2011 kamfanin Cabeolica ya kafa fankoki 30 masu samar da megawat 25.5 a tsibirai huɗu, har da Sal, suna ba da kusan kashi ɗaya cikin biyar na wutar ƙasar. Iskar da ke tura allo ita ke kunna fitila. Mu ma muna da tashar megawat 10 a Lambar Rimi ta jihar Katsina, wadda aka shafe sama da shekara goma ana aikinta. Mutanen da suka saba auna iska da jikinsu ba sa buƙatar dogon bayani kafin su yarda cewa dukiya ce.

Ba ina cewa ƙungiyar ɗalibai ta sayo alluna mu nufi dam ɗin Tiga ba. Ba mu da teku, kuɗin ma babu, yawancinmu ko iyo ba mu iya ba. Abin da nake so mu ɗauka ya fi wannan sauƙi, ya kuma fi shi wuya. Muna da namu mutanen ruwa. Duk wanda ya ga Kabawa a bikin kamun kifi na Argungu, yadda suke nutso da tseren kwalekwale, ya san ba ranar biki suka koya ba, tun suna yara kullum suna cikin kogi. Har UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016. Amma ɗan Sarkawa da ya shigo makaranta yakan ɓoye cewa ya iya ruwa, don kada a ce masa baƙauye, alhali duk damina muna jin labarin kifewar kwalekwale da rasa rayuka. A Sal wannan yaro malami ne da ake biya da Yuro.

Nan da 'yan watanni mu 'yan ajin ƙarshe za mu miƙa furojet, mu fita neman gurbin aikin koyon sana'a na shekara ɗaya, kowa da fayil a hammata. Da yawa cikinmu akwai abin da muke yi kullum ba tare da an sa mu ba. Wani gyaran waya, wata ɗinki, wani dambe, wani naɗa kwayil, wata zane a kwamfuta. A gida ana kiran abin shiririta, mu ma mun fara yarda. Ina ganin lokaci ya yi da za mu daina jin kunyarsa. Abin da mutum ya yi shekara biyar yana yi kowace rana ya fi ƙarfin a kira shi wasa.

Ga shugabannin ƙungiyarmu kuma, hannunka mai sanda. Abin da ya raba Sal ta jiya da ta yau shi ne ranar da aka bar yaron gari ya taɓa allo. Kowace shekara muna biyan kuɗin wasanni da na ɗakin gwaji a cikin rajista. Ku nema mana a riƙa buɗe wakshop bayan lakca da ranar Asabar, a ƙarƙashin kulawar ma'aikaci, ɗalibi ya sa hannu ya ari kaya ya dawo da su. Injin da aka kulle don kada ya lalace, tsatsa ce za ta cinye shi, ɗalibin kuma ya fita da takarda hannunsa bai yi kanta ba. Ku kuma tuna cewa wasanni ba ƙwallon ƙafa kaɗai ba ne. Ko darasin iyo aka shirya wa ɗalibai sau ɗaya a zango, wata rana zai ceci ran wani.

Hausawa sun ce iska na wahalar da mai kayan kara, kuma ba su yi ƙarya ba. Yaran Sal da Bonaire dai sun gano cewa ya danganta da yadda ka riƙe kayan. Hunturu na nan tafe, zai same mu a hostel, zai same su a bakin teku. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya sa mu fita da abin da hannu ya iya. Kowa ya iya allonsa ya wanke.